Jaririn da Madarar Shanu Ba Ta Karɓe Shi Ba: Shayarwa da Yaye a Ƙasar Fura da Nono

A Shagari da Bodinga, da garuruwan da ke kewaye da su irin su Sifawa, Dancadi da Kajiji, fura da nono ba abin marmari ba ce. Da ita ake tarbar baƙo, ita manomi ke sha da rana tsaka, ita kuma ake dama wa mai jego don mama ya kawo ruwa. Shanu na bayan gari, jajayen awaki na cikin gida. Don haka in aka ce akwai jaririn da jikinsa ba ya jituwa da madarar shanu, har abin da uwarsa ta sha yana iya taɓa shi ta hanyar mama, da yawa za su ce wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne. Ba haka ba ne, ana samunsa ko'ina. Sai dai bai kai yawan da wasu ke zuzutawa ba, kuma a wajenmu ana iya cutar da yaro ta fuska biyu: a kasa gane ciwon a ɗora wa nonon uwa laifi, ko a yi saurin zarginsa a raba mai shayarwa da abincin da ke riƙe da ita.

Abubuwa biyu ake cakuɗawa, kuma cakuɗa su na jawo asara. Na farko shi ne sukarin cikin madara, wanda likitoci ke kira laktos. Hanji na da sinadarin da ke narka shi, kuma kusan kowane jariri da shi ake haifarsa. Dole ma, tunda nonon uwa ya fi na saniya yawan wannan sukari: kusan giram 7 a kowane mililita 100, na saniya kuwa bai cika giram 5 ba. Sai yaro ya tasa sinadarin ke raguwa a jikin yawancin mutanen duniya, shi ya sa babba zai sha madara cikinsa ya yi ta ƙugi. A 1971 Norman Kretchmer da abokan aikinsa sun auna wannan a Najeriya, suka tarar yawancin Fulani makiyaya na narka laktos har girmansu, alhali kusan duk Yarbawan da aka auna ba sa iyawa. Jariri kan rasa wannan sinadari na ɗan lokaci bayan zawo mai tsanani, ya dawo da kansa in hanji ya warke. Abin da uwa ta ci ko ta bari ba ya rage laktos ɗin nononta, domin jikinta ne ke ƙera shi.

Na biyu, wanda shi ne batunmu, furotin ne na madarar shanu. A nan ba narkewa ce ta gagara ba, garkuwar jikin jaririn ce ke ɗaukar furotin ɗin a matsayin maƙiyi ta far masa, faɗan kuma ya bayyana a fata, ko hanji, ko numfashi. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar saniya kasin ne, a cikin ragowar kuma akwai beta-laktogulobulin, wanda jikin ɗan Adam ba ya yin sa sam; in an same shi a nonon mace, daga abin da ta sha ya fito. Tsami na rage laktos, amma ba ya kawar da furotin. Tafasawa ma haka. Kindirmo, tsala, cuku, yogot, madarar gari, madarar gwangwani ta shayi, tuwon madara, duk yana ciki. Gadon narka madara da Bafulatani ke alfahari da shi ba ya kare ɗansa daga wannan, don hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Ciwon na zuwa iri biyu. Akwai mai sauri, wanda ke tashi cikin mintoci zuwa awa 2 bayan madara ta shiga bakin yaro: borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai a take. In ya kai ga shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, ko yaro ya yi laushi ya saki jiki, wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne, asibiti mafi kusa za a nufa a guje, domin allurar adirenalin ce maganinsa. Irin wannan ba kasafai yake zuwa ta nonon uwa ba, ya fi faruwa ranar da aka fara ɗura wa yaro madara kai tsaye. Akwai kuma mai jinkiri, wanda ke ɗaukar awoyi zuwa kwana 3, shi ne aka fi gani ga mai shan mama: zirin jini da majina a kashin jariri ɗan wata 1 ko 2 wanda kuma yake tsotsonsa lafiya, ƙuraje masu ƙaiƙayi a kumatu da gaɓoɓi da suka ƙi jin magani, amai mai yawa, zawo mai daɗewa, wani lokaci nauyi ya tsaya cak.

Matsalar ita ce kowace alama daga cikin waɗannan tana da wani sanadin da ya fi wannan yawa a ƙasarmu. Jini a kashi tare da zazzaɓi, atini za a fara zargi, musamman ga jaririn da ake ba ruwa. Yaron da ke ƙwalla ihu lokaci-lokaci yana naɗe ƙafafu, yana amai, ya yi kashin jini da majina, mai yiwuwa hanji ne ya shige cikin hanji, kuma wannan na gaggawa ne, irin wanda ake turawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tumbiɗi kuwa da kukan maraice halin jarirai ne, yawanci suna raguwa da kansu bayan 'yan watanni. Saboda haka ba a yanke hukunci a tsakar gida. Ma'aikacin lafiya ya fara duba yaron, ya ɗora shi a sikeli, ya kawar da sauran zarge-zarge tukuna.

Yaya yawansa yake? A garin Odense na Denmark, likita Arne Høst da abokan aikinsa sun bi jarirai 1,749 da aka haifa a 1985. An tabbatar da ciwon ga 39, wato kashi 2.2 cikin 100. Daga cikinsu 9 ne kawai alamun suka bayyana gare su alhali mama zalla suke sha, kusan jariri 1 cikin 200 ke nan. Amma ga abin da ya kamata a yi wa kunnen basira a nan Sakkwato: da aka koma takardun ɗakin haihuwa, sai aka ga dukkan taran nan an ba su madarar gwangwani a kwana ukun farko na rayuwarsu.

Wannan ya taɓo mu kai tsaye. Har yau akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, a ce ba shi da kyau, a riƙa ba jinjiri ruwan ɗumi, ko madarar akuya ko ta saniya, ko a lasa masa man shanu, kafin nonon uwa ya "wanku". A wasu wuraren ana gwada nonon mai haihuwar fari da tururuwa: in ta fita daga ƙoƙon da ranta nono ya yi kyau, in ta mutu an yanke masa hukunci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan mama zalla. Ke nan tambayar farko ba ita ce me uwa ta sha ba. Tambayar ita ce me ake sa wa yaron a baki, kuma wa ke sa masa in uwar ta shiga wanka.

Daga nan sai a shiga zagayen da ya fi kowanne ban takaici. Yaro na kuka, kashinsa ya canza, sai uwar miji ta ce, "Yarinyar nan nononki ne ba ya da kyau, ki bar ba shi, a tatso masa na akuya." Ita kuwa ba ta da bakin musu, sai dai "To, Inna." Da kyakkyawar niyya aka faɗa, amma an ɗauke yaro daga inda furotin ɗin ke zuwa masa ɗan mitsitsi an kai shi inda zai sha shi da ludayi. Furotin ɗin akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da madarar shanu ke tayar wa ciwo, ta akuya ma za ta tayar musu. Gudun gara, an faɗa gidan zago. Wasu za su kawo zancen nonon raƙumi, tunda ba baƙo ba ne a Sakkwato. Gaskiya ne babu beta-laktogulobulin a cikinsa, amma ba abincin jinjiri ba ne, kuma ɗanyensa na iya ɗauke da cuta.

Yadda ake tabbatar da mai jinkirin ba ya buƙatar na'ura, kuma wannan alheri ne ga mutumin ƙauye. Gwajin jini da na fata mai saurin suke kamawa, shi wannan ba sa ganinsa. Ana ci gaba da ba da mama ba fashi. A daina ba yaron madarar kowace dabba. In likita ya ga akwai hujja, uwa ta bar duk wani abu mai madara na mako 2 zuwa 4. In babu sauƙi, ba shi ba ne, ta koma shan furarta a nemi sanadi a wani wuri. In an samu sauƙi, saura mataki na biyu, wanda kusan kowa ke tsallakewa: ta sake shan nonon na kamar mako guda a gani. Sai alamun sun dawo ne za a ce an tabbatar. Dalili kuwa shi ne yawancin koke-koken jarirai na wucewa da kansu a cikin makonnin nan, sai a ba hani ladan da ba nasa ba, mace ta shekara tana kallon ƙwaryar nono ba gaira ba dalili.

Ingila ta ga irin wannan. A 2018 likita Chris van Tulleken ya nuna a mujallar likitoci ta BMJ cewa daga 2006 zuwa 2016 rubuta wa jarirai madarar musamman ta masu wannan ciwo ya ƙaru da kusan kashi 500 cikin 100, kuɗin da hukumar lafiyar ƙasar ke kashewa a kai ya tashi daga fam miliyan 8.1 zuwa sama da miliyan 60, ba tare da wata shaida cewa ciwon kansa ya ƙaru haka ba. Ya danganta abin da kusancin kamfanonin madara da masu tsara ƙa'idojin gano ciwon. A 2020 kuma Daniel Munblit da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa ga fiye da kashi 99 cikin 100 na jariran da aka tabbatar suna da ciwon, abin da ke ratsawa cikin nonon uwa bai kai ya tayar musu da shi ba. Likitoci na ta muhawara a kan wannan ƙiyasi, musamman game da mai jinkirin, amma darasin aiki a fili yake: in yaro na lafiya a kan mama, sai ranar da aka ba shi madara ne kawai ya yi bori, uwarsa ba ta buƙatar barin komai.

Baturiya in ta bar madara tana da kantin da za ta zaɓi madadi. Mai shayarwa a ƙauyen Shagari fa? Sau da yawa nonon da ke cikin furarta shi ne kaɗai abin dabba da ke shiga cikinta a yini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ɗin nan ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. A irin wannan wuri, ma'aikacin lafiyar da ya ce wa mace "ki bar shan nono" ya yi shiru, bai gama aikinsa ba. Mai shayarwa na buƙatar kusan miligiram 1,000 na kalsiyam a yini. Ana samunsa a miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi in an daka su da ƙayarsu, kifi kuwa ba ya wuya a kusa da madatsar ruwan Shagari. Wake, gyaɗa, ƙwai da awara su cike gurbin furotin. In akwai hali a haɗa da ƙwayar kalsiyam da bitamin D daga asibiti. Wannan magana da maigida za a yi ta, don shi ke cefane; in ba a gaya masa a gabanta ba, hani zai tabbata, madadi ba zai zo ba.

Kalsiyam ɗin ba na wasa ba ne ga yaron ma. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun wallafa a 1999 cewa yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa su yi gwame ko baka ba rana suka rasa ba, kalsiyam ne ya yi ƙaranci a abincinsu, kusan miligiram 200 kawai a yini, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashi ya warke. Yaron da aka hana madara aka bar shi da koko tsararo yana kan wannan hanya.

Game da madarar gwangwani ta jarirai, a taƙaice: kusan dukkanta daga madarar shanu aka yi ta, har wadda aka rubuta wa "babu laktos", don haka ba mafita ba ce. Akwai ta musamman wadda aka farfasa furotin ɗinta, da wadda aka haɗa daga tubalan furotin zalla, amma daga waje ake shigo da su, suna da tsada ainun, kuma ba a kowane kantin magani ake samu ba. Ta waken suya ba a so a ba ɗan ƙasa da wata 6, wasu yaran ma ita ma tana tayar musu. Madarar waken suya ta gida kuwa ba ta maye gurbin mama. Ga yaron Bodinga mai wannan ciwo, nonon uwarsa ne madarar musamman ɗinsa.

In ya cika wata 6 sai a fara abinci, kamar kowane yaro, ba a jinkirtawa saboda tsoro. Kunu ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, don cikin yaro ƙarami ne, ruwa na cika shi ba tare da ƙoshi ba. Garin gero ko dawa a haɗa da soyayyen waken suya da gyaɗa, irin haɗin da asibitoci ke koyarwa da sunan Tom Brown, sai dai a tabbata ba a zuba masa madarar gari ba, don wasu masu sayarwa na zubawa. Inda aka saba sa man shanu a sa man gyaɗa ko manja. A shigo da dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, hanta, kabewa, dankalin Hausa, wake da aka murje, garin zogale. Naman shanu da ya dahu sosai yawancin irin yaran nan na cin sa lafiya. Daga wata 6 zuwa 8 sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 sau 3 ko 4, mama na nan a kai. Zuma sai bayan shekara. Sabon abu a shigo da shi ɗaya-ɗaya, a bar kwana 2 ko 3 tsakani, don in wani abu ya taso a san mai laifi.

Kada tsoron madara ya sa a hana gyaɗa da ƙwai. Binciken da Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna fara ba jarirai masu haɗari gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da rashin jituwa da ita da kusan kashi 80 cikin 100. Kunun gyaɗarmu ashe ya riga masana. A dai ba da ita a niƙe, ba ƙwaya ba, kuma yaron da fatarsa ta yi tsanani da ƙuraje a fara shawartar likita.

Abin da ya fi wuya ba girki ba ne, mutane ne. Dawon fura gero ne da kayan yaji, babu madara a ciki, ana iya dama wa yaro da tafasasshen ruwa ko kunun gyaɗa a ƙoƙonsa na daban. Amma gidan Bahaushe hannu da yawa ne. Yayarsa za ta ba shi ludayinta, kishiyar uwa za ta tsoma masa burodi a shayi mai madara, baƙo zai miƙo biskit ko alewa. Garin kunun jarirai na kanti da yawa akwai madara a ciki, kuma da Turanci aka rubuta, sai a sami ɗan makaranta ya karanta. Dole a gaya wa kowa, kuma ya fi kyau maganar ta fito daga bakin kaka. In ita ta ce "kada wanda ya ba ɗan nan nono", an gama.

Sai yaye. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar shayarwa har shekara 2 ko fiye, abin da ya dace da wa'adin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. A ƙiyasin hukumar, mama na iya ba yaro rabin ƙarfin da yake buƙata ko fiye tsakanin wata 6 da 12, da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara ta biyu. Al'adarmu kuwa yaye na rana ɗaya ne: a yi rubutu, a shafa wa mama abu mai ɗaci ko a kai yaro gidan kaka, can a lallashe shi da fura da nono har ya manta. Ga mai wannan ciwo, wannan tsari ya haɗa masa rashin mama da shan abin da jikinsa ke ƙi a mako guda. Nasa yaye a ja shi, a rage tsotso sannu-sannu cikin makonni, na rana kafin na dare, sai an ga yana cin abinci iri-iri da kyau. In kwanika ta shigo, ba dole ba ne a cire shi ran da aka gane cikin. Nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma in cikin lafiyayye ne ana iya ci gaba har a shirya masa madadi.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Abincin tamowa mai gyaɗa na cikin leda, irin su Plumpy'Nut, akwai madarar gari a cikinsa, haka ma madarar F-75 da F-100 da ake ba yaran da aka kwantar. Ga kusan dukkan yara masu tamowa waɗannan ceton rai ne, kuma zawon da wasu ke yi a farkon magani yawanci ba wannan ciwon ba ne. Amma uwar da aka taɓa tabbatar wa ɗanta ciwon, ko ya taɓa kumbura bayan shan madara, ta faɗa tun a teburin awo kafin a ba shi na ɗanɗano, likita ya yanke yadda za a yi.

Yawancin yara na rabuwa da ciwon. A cikin yaran Odense, kashi 56 cikin 100 sun warke da shekara 1, kashi 77 da shekara 2, kashi 87 da shekara 3. Don haka hanin na da wa'adi. Bayan kamar wata 6 da dainawa, kuma yaro ya kai wata 9 zuwa 12, ana sake gwadawa daki-daki. Mai saurin, wanda ya taɓa kumbura ko shaƙewa, a asibiti kawai ake gwada shi. Mai jinkirin ana iya yi a gida da izinin likita, ranar da yaro ke lafiya, da safe don a sa masa ido. A fara da abin da aka gasa da madara a ciki, kamar gutsuren biskit ko kek, domin zafin gashi tare da fulawa na rage kaifin furotin ɗin. In ya wuce, sai abin da aka dafa da madara, sannan cokali ɗaya na kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara, ita kanta madarar ce ta ƙarshe. Kowane mataki a ba shi kwanaki. In kashi ya sake canzawa ko ƙuraje suka dawo, a tsaya a matakin da ya karɓe shi, a jira 'yan watanni kafin a ƙara gaba.